“Jerawa” ko “Kasawa”? Sunan dabarar radiks da Hausa

Tambaya: Malam, ina rubuta darasi kan dabarar radiks, wadda kwamfuta ke tsara lambobi da ita daga ƙarama zuwa babba. “Jerawa” zan kira ta ko “tantancewa”? Wane karin magana kuma zai sa ɗalibai su riƙe ta?

Amsa: Jerawa ita ce ƙarshen aikin, ba hanyarsa ba. Tantancewa kuwa ware mai kyau ne daga maras kyau, nan kuma ba a zubar da komai. Ni “kasawa” zan zaɓa, daga “kasa” mai gajeren wasali, wadda mai tumatir ke yi a kasuwa in ya kasa kayansa kashi-kashi. Ban da “kasa” ta gazawa, wadda ake jan wasalinta na farko. Radiks ba ta gwada lamba da lamba, zuba su take yi kashi-kashi, kamar yadda injinan Herman Hollerith, wani mai ƙera injinan ƙididdiga, suka riƙa kasa katuna masu huji a Amurka. Ita kalmar radiks daga Latin take, ma'anarta saiwa, wato tushen ƙirga.

Karin maganar shi ne “wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi”. Ɗauki 52, 37, 51. Zagayen farko ya dubi gurbin ƙarshe, ya ba da 51, 52, 37. Na biyu ya dubi gurbin gomomi, 51 da 52 suka faɗa kashi ɗaya. Dole wadda ta riga shiga kashi ta riga fita, don a samu 37, 51, 52. In aka saɓa wannan, wahalar zagayen farko ta tashi a banza.

Batun sauri kuwa, tushen ne abin dubawa. Lamba mai bit 32 (bit shi ne gurbi ɗaya a ƙirgar kwamfuta, 0 ko 1) tana kaiwa 4,294,967,295, gurbi goma ke nan, zagaye goma a tushe 10, ga lissafin rabawa mai cin lokaci don ciro kowane gurbi. A koma tushe 256, a riƙa ɗiban bit 8: zagaye huɗu kacal, kuma gusar da bit gefe ya wadatar, ba sai an yi rabawa ba. Bit 11 zai ba da zagaye uku da kashi 2,048. Masu zari kan haura zuwa bit 16 don zagaye biyu, sai kashi 65,536 su fi ƙarfin ƙaramar ma'ajiyar gaggawa ta na'ura, aiki ya koma tafiyar hawainiya. Garin neman gira aka rasa ido.

A ƙirga yawan kowane kashi na dukkan zagaye a karatu ɗaya tun farko. In ƙirgar ta nuna duk lambobin kashi ɗaya za su faɗa, a tsallake wannan zagayen. A tanadi jeri biyu ana musanya su, maimakon kwafa baya kowane zagaye. In akwai lambobin da ke ƙasa da sifiri kuma, a juya bit na alama, wato wanda ke nuna ko lamba ƙasa da sifiri take, na dukkan lambobin kafin a kasa su, in ba haka ba na ƙasa da sifirin can ƙarshen jeri za su koma, bayan manya.