Tsakanin evim da gidana

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatu a Turkiyya, amma ɗafe-ɗafen da Turkawa suke liƙawa a wutsiyar kalma a harshensu sun fara rikita ka tun kana gida. Kwantar da hankalinka. Wanda ya iya cewa gidana, gidanka, gidanmu, ai rabin aikin ya gama shi tun yana goye.

Su ma a ƙarshen kalma suke nuna mai abu. Gida shi ne ev. Gidana evim, gidanka evin, gidansa evi, gidanmu evimiz, gidanku eviniz, gidansu evleri. Har sun fi mu rangwame, domin ba ruwansu da namiji ko mace: evin gidanka ne, kuma gidanki ne.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne wasali. Ɗafin yana kallon wasalin ƙarshe na kalmar ya bi sahunsa. Shi ya sa makarantata okulum ce, idona gözüm, 'yata kuma kızım, da wannan ı maras ɗigo da ke cikin haruffa 29 da suka koma amfani da su a 1928. In kalmar da wasali ta ƙare, m kaɗai za ka ɗora: araba mota, arabam motata, motarsa kuwa arabası. Wasu baƙaƙen ma laushi suke yi. Littafi kitap ne, amma littafina kitabım. Na yi makonni ina cewa kitapım, malamarmu ta ajin koyon harshe tana gyara ni, har sai da kunnena ya fara ƙin karɓar kuskuren da kansa.

Kada ka raina darasin nan, da shi ake cewa "ina da". Param var, wato kuɗina akwai. Param yok, kuɗina babu. Wannan ta biyun kowane ɗalibi yakan haddace ta kafin wata ya mutu.

Aikatau kuwa ƙarshen jimla yake zama. Çay içiyorum, kamar dai ka ce shayi nake sha.

Shekarar koyon harshe a TÖMER, cibiyar koyar da harshen Turkanci, za ta ƙarasa maka sauran. Kafin nan ka riƙe hocam, wato malamina. Da ita za ka kira duk mai koyar da kai, a Ankara ma har ɗalibai da ita suke kiran juna.