Kafin Ka Yanka Soson Katifar Karaban

Ka aiko mini da saƙo cikin dare kana tambaya wace katifa za ka sa wa mutumin nan mai haƙar rijiyar burtsatse da ya kawo karaban ɗinsa, wai ka gani a waya ana yabon soson memori mai kauri inci 10, ko shi za ka shiga kasuwa ka ɗauko masa. Kada ka ɗauko. Da ka fara leƙa cikin karaban ɗin kafin ka leƙa waya, da ba ka yi mini wannan tambayar ba. Amma tunda ka yi, ka zauna ka karanta har ƙarshe, ban da irin karatun nan naku na layi biyu a wuce.

Karaban akwati ne na ƙarfe da aka ajiye a rana. Turawan da suka ƙera irin wanda ya kawo, don yawon hutu suka yi shi, su ɗaura a bayan mota su je bakin teku a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi. Shi kuwa mutuminka zai kafa nasa ne a daji wajen Dukku ko Nafada a watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai maki 40 a inuwa, balle cikin kwano. Soson memori da zafin jiki yake aiki: ya yi laushi, mutum ya nutse a ciki, zafin kuma ya tsaya nan ba ya fita. A ɗaki mai na'urar sanyaya iska yana da daɗi. A karaban cikin bazara mutum zai kwana yana juyi cikin zufa, idan hunturu ya shigo kuma a Disamba ya tarar da shi ya sandare sai ya jima a kai kafin ya saki. Inci 10 ɗin ma ina za ka kai shi? Ka duba gadon sama ka ga tazararsa da rufi. Ka ɗora wannan kaurin, mai kwana ya tashi da asuba ya buga kai. Katifa mai sifirin kuwa kada ma ka kawo mini zancenta: ba ta yankuwa, ba ta lanƙwasuwa ta shige wannan 'yar ƙofar, ga nauyi, alhali ƙarƙashin gadon ma'ajiya ce da ake ɗagawa kullum.

Awo ba zan koya maka ba, wanda ya shekara a shagona bai iya riƙe tef ba ya koma sayar da katin waya. Abu ɗaya kawai: gadon karaban ba ya zuwa kusurwa huɗu cif. Wani an yanke masa gefe ɗaya don a sami hanyar wucewa, wani bangon ya lanƙwaso a kansa. Ka tafi da kwali, ka shimfiɗa a kan gadon, ka zana, ka yanko siffar, ka rubuta sama da ƙasa a jiki don kada ka yanka soson a juye.

Abin da ya sa na tashi zaune na rubuto maka shi ne maganar soson kansa. Ku yaran yanzu da hannu kuke sayen soso, ku danna da yatsa, in kun ji tauri ku ce mai kyau ne. Tauri daban, densiti daban. Tauri shi ne abin da ka ji yau, densiti shi ne nauyin abin da aka zuba a cikin soson, kuma shi ke nuna ko zai shekara biyar ko wata biyar. Ana iya yin soso mai tauri marar nauyi, ya ruɗi yatsanka a kasuwa, ya lotse kafin damina ta fita. Lissafinsa kilo nawa ne a cikin mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri. Ga misali a aikin da ke gabanka: katifa ƙafa 6 tsawo, ƙafa biyu da rabi faɗi, inci 6 kauri. In densiti 30 ce, soson tsirara zai haura kilo 6 da kaɗan a sikeli. In 18 ce, ba zai cika kilo 4 ba. Babban mutum da ya wuni yana ɗaga bututun ƙarfe ba a sa masa ƙasa da 30. Ni yadda nake yi, inci 4 mai ƙarfi a ƙasa, inci 1 ko 2 mai laushi a sama, a haɗe da gam. Gadon sama inci 4 ya wadatar.

Sikelin ma ana cutarsa. Akwai masu zuba garin alli a cikin haɗin soso don ya yi nauyi. Ka yagi ɗan guntu ka murza a tafin hannu, in ya marmashe ya bar maka gari, ka ajiye musu abinsu. Wannan soson na san shi sani na haƙiƙa, don shi aka yi amfani da shi aka ɓata mini suna.

Bayan an ba mu jiha a 1996, aiki ya buɗe a Gombe, kamfanonin hanya da na gini suka shigo da karaban-karaban suka kafa sansani a bayan gari. Lokacin ina da shago a Jekadafari, na fara tsayawa da ƙafata ke nan. Sai ga wani mutum ya zo, babbar riga, hula zanna, magana a hankali, ya ce shi ke kai wa wani kamfani kaya, ana son katifu na dukan karaban ɗin injiniyoyi da manyan ma'aikata. Sallar la'asar tare muka yi a ƙofar shagon. Ya ɗauke ni a motarsa muka je sansanin, na auna gado ɗaya bayan ɗaya da kwalina, don kusan babu biyu da suka zo daidai. Na yi samfur guda, soso mai kyau, yadin auduga mai kauri, na sa zif a gefe uku don a riƙa cirewa ana wankewa, na buga hatimin shagona a jikin yadin. Ya kai musu, suka kwanta a kai, suka ce a yi.

Ya ba ni kashi ɗaya cikin uku, ya ce sauran sai takarda ta fito daga ofis. Kuɗin bai isa soso ba. Na hau mota na tafi Kano wurin dilan da marigayi maigidana ke sayayya, ya ba ni bulo-bulon soso bashi, ba don ya san ni ba, don darajar wanda ya koya mini aiki. Muka yi aikin nan dare da rana da fitilar ƙwai in wuta ta ɗauke. Kowace katifa da hannuna na yanka ta, na rubuta lambar gadonta. Ranar ɗauka na shirya in bi su in shimfiɗa da kaina, sai ya ce in huta, masu gadin ƙofa ba sa barin baƙo ranar aiki, motar kamfani za ta kai. Aka loda a gabana, aka tafi.

Takarda ba ta fito ba. Yau ya tafi Bauchi, gobe mai sa hannu ya yi tafiya, jibi an yi masa rasuwa. Ina cikin wannan zirga-zirga, damina ta yi nisa, wata safiya motar kamfani ta tsaya a ƙofar shagona. Wani injiniya ya sauko, ya jawo katifa daga baya ya jefar a ƙasa gaban maƙwabta da masu wucewa, yana faɗa cewa mutanensa duk sun kamu da ciwon baya, an ba su shara a kuɗin kaya mai daraja. Na duba, yadin nawa ne, ɗinkin nawa ne, hatimina yana nan. Tsakiyarta ta lotse kamar kasko. Na durƙusa na zuge zif ɗin. Wallahi ko kafin in taɓa na san ba nawa ba ne. Fari fat, da na shafa sai gari ya bi mini yatsu. Gefen an yanka shi da zarto, haƙora-haƙora, hawa da sauka, kusurwar da na ɓata lokaci na fitar da siffarta an cusa guntaye an cike ta. Ni da doguwar wuƙa wasassa nake yanka, ja ɗaya, gefen ya fito sumul. Na nuna wa injiniyan, na ɗauko ragowar bulon da ke shago na ajiye kusa da shi. Ya kalla, ya ce shi ba ruwansa da wanda ya yanka, sunan da ke jiki shi ya sani, kuma kamfani ya biya kuɗin duka tun makon da aka kai kaya.

Ashe motar ba sansani ta nufa ba. Wani gida aka kai su, aka zare sosona ta zif ɗin da na sa don alheri, aka cusa na banza, nawa kuma aka sayar wa masu yin kujeru aka yayyanka shi. Wani kafinta ne ya gaya mini daga baya, shi ma ya saya bai san tushensa ba. Ka ga mutumin ya ci sau uku: ya karɓi kuɗin kamfani, ya sayar da sosona, ya riƙe cikon kuɗina. Muka je gaban mai unguwa, ya rantse ya ce abin da na ba shi ke nan ya kai. Aka ce a kawo rasit. Rasit ya ce katifa kaza, kuɗi kaza, babu densiti, babu nauyi, babu shaidar wanda ya karɓa a sansani. Dattawa suka ce a yi haƙuri. Babur ɗina da keken ɗinki guda na sayar na biya mutumin Kano, don ba zan bari a zagi maigidana a kabarinsa ba. Kuɗin da ya tafi a lokacin zai sayi fili a Tumfure. Wannan bai kai mini ciwon sunan ba: shekaru masu yawa duk wani aikin sansani da ya shigo garin nan wuce ni yake yi, ana cewa ai wancan ne mai cusa soson alli. Mutumin yana nan da ransa, mukan haɗu a ɗaurin aure ya miƙo mini hannu yana murmushi. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Shi ya sa kake ganina ina rubutu da fenti a jikin soson kansa kafin a sa riga, kuna dariya a bayana kuna cewa tsoho ya cika ƙa'ida. Kai ma haka za ka yi wa mai burtsatsen nan. Ka aza soson a sikeli a gabansa, ka rubuta densiti da nauyi da kauri a rasit, ka rubuta a jikin soson, ka ɗauka da kanka ka shimfiɗa a karaban ɗin, ya kwanta a kai, ya sa hannu. Na san shi mutumin kirki ne. Wancan ma da kamannin kirki ya zo.

Saura abin da ke kashe katifa a karaban ko da soson na gari ne, wato laima. Jikin mutum yana fitar da gumi cikin dare, ya ratsa soso ya sauka ƙasa, ya tarar da katako shafaffe da ƙarfe mai sanyi, ya tsaya. A watan Agusta ka ɗaga irin wannan katifar ka ga ƙasanta baƙi ƙirin da fumfuna, ga wari. In gadon falle ɗaya ne na katako, ka huda shi da yawa ko ka cire ka jera sirara da tazara tsakani, iska ta riƙa wucewa. Ka gaya masa ya riƙa jingine ta a tsaye da safe kafin su fita aiki, ya bar taga a buɗe. Zai ce maka ka rufe ta da leda irin ta kujerar mota don yaransa suna dawowa da laka da baƙin mai. Ka ƙi. Leda ba ta numfashi, bayan mutum zai manne mata cikin zafi, kuma in ta tsage ruwa ya shiga ba ya fita. Yadin auduga mai kauri da zif, riga biyu, ɗaya a jiki ɗaya a wanki. Zai yi ƙorafin kuɗi, ka ce masa araha ba ta ado, in bai yarda ba ya tafi wani shagon.

Ka kuma ja masa kunne kan wuta da babbar murya. Soso yana kamawa nan take, hayaƙinsa baƙi ne mai guba, karaban kuma ƙofa ɗaya gare shi. Ma'aikatan daji suna kunna maganin sauro na hayaƙi su ajiye a gefen gado, suna girki da gas a ciki, wasu da taba a baki suke barci. Ya saya musu gidan sauro, risho da tukunyar gas su zauna a waje.

Gobe ka biyo ta gida da kwalin da ka zana in gani kafin ka taɓa wuƙa. Kuma kada ka yanka ko inci ɗaya sai kuɗin soso gaba ɗaya ya shiga hannunka, ladan ɗinki ne kaɗai ake bari sai an kai kaya.