Makirfon da ake ratayawa a wuya mai aiki da infrared, yana da illa?

TAMBAYA: Salam malam. Ni malamar firamare ce, makarantarmu ta raba mana wani ɗan makirfo da ake ratayawa a wuya wai da infrared yake aiki, sifikar kuma tana jikin bango. Ina da juna biyu ga abin a ƙirjina yake wuni, shine wata abokiyar aikina tace min radiyeshin ne yana kawo ciwon daji. Dan Allah da gaske ne?

AMSA: Wa'alaikumussalam malama, Allah ya raba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, infrared ɗin nan haske ne kawai wanda idon mutum baya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ɗinki yake harbawa duk sanda kika canza tasha. Abin da makirfon yake yi shine ya ɗauki muryarki ya maida ita ƙyaftawar haske ta wasu ƙananan fitilun LED, sai wata na'ura da ke silin ko bango ta kama ta miƙa wa sifika. In kina so ki gani da idonki, kunna shi ki haska shi da kyamarar waya, a wayoyi da yawa zaki ga fitilun suna wani fari-fari mai ruwan shuni.

Radiyeshin mai lalata ƙwayoyin jiki irinsu X-ray ne, su ƙarfinsu ya kai su fasa ƙwayar halitta, shi yasa ake tambayar mace ko tana da ciki kafin a ɗauke ta hoton. Infrared bai kai nan ba ko kusa, hasken makirfon nan ƙarfinsa ma bai kai na hasken da muke gani da ido ba, iyakar abin da zai yi wa fata in yayi yawa shine ɗumi. Kusan rabin abin da rana take sauke mana infrared ne, wato tafiyar da kike yi daga bakin titi zuwa aji ta fi ba ki shi nesa ba kusa ba. Hasken da mayafi mai kauri ma yake tare shi har sauti ya dinga yankewa, ta ina zai kai ga ɗan da ke ciki?

Sai dai kar a bar yara su manna fitilun a idonsu suna leƙe, dan ido baya ƙiftawa ga hasken da bai gani ba. Kamfanonin kirki suna gwada fitilunsu da ma'aunin IEC 62471, wato ƙa'idar duniya ta tabbatar da hasken fitila baya cutar da ido ko fata, ki duba takardar cikin kwalin.

Ni abin da ya fi damuna ma igiyar ce da batirin. Igiyar ta zama mai ɓallewa da kanta in an fizga, ajin yara ne, wani zai iya cafko ta ko ta sarƙe a hannun ƙofa. Batiri kuwa in kika ji yana zafi a ƙirji ko murfinsa ya kumbura, cire shi nan take, kuma a daina jona shi da kowace caja aka tsinta a ofis. In malamai suna karɓa-karɓa dashi a dinga goge shi, bakin kowa yana kusa dashi ga mura tana yawo.

TAMBAYA: Babana an sa masa na'urar bugun zuciya, zai iya rataya shi in zai yi karatu a masallaci?

AMSA: Hasken ba ruwansa da na'urar. Amma wasu makirfon da maganaɗisu ake maƙala su a riga, shi kuma likitoci sunce ya yi nesa da na'urar da aƙalla santimita 15, dan haka ku nuna wa likitansa kafin nan. Kuma a cikin masallaci zai yi aiki, in an fito haraba rana zata cinye siginar, can sai dai ku nemi mai aiki da rediyo.