Swic na haske zai kawar da cunkoson fakiti?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Sabobinmu, wato manyan kwamfutocinmu na aiki, suna raba lissafi guda a tsakaninsu, amma da an zo haɗa sakamako sai aiki ya tsaya cik ana jiran juna. Wani dillali ya ce mu cire swic na lantarki, na'urar da ke rarraba fakiti (gutsattsarin bayanai) tsakanin sabobin, mu sa mai yin hakan da haske zalla, wai shi ke nan cunkoso ya ƙare. Kuɗin ba kaɗan ba ne, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, gara da bai kwanta ba. Na gaji da jin wannan magana ta "haske ya fi sauri, saboda haka babu layi". Damuwarka ba gudun fakiti ba ce, cincirindonsu ne a ƙofa ɗaya. Sabobi ashirin suka amsa wa guda lokaci ɗaya, dole wasu su jira. Swic na lantarki yana da ma'adanar da zai zaunar da su. Haske kuwa ba ya zama, kuma har yau babu ma'adanar haske irin RAM ta kwamfuta a kasuwa.

Abin da ake yi shi ne a zagaya da fakitin cikin naɗaɗɗen zaren faiba. To yi lissafi: a cikin zaren, haske na cin mita ɗaya a nanosakan 5 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Fakiti mai bayit 1,500 a layin gigabit 100 yana ɗaukar nanosakan 120, wato mita 24 na zare don riƙe fakiti ɗaya tal! Dubu fa? Kilomita 24. Kuma ba ya fitowa sanda ka ga dama, sai ya gama zagayensa. In kuwa aka karkatar da shi ta wata hanya, fakitoci su iso a hargitse. Wannan duk dillalai ba sa faɗa.

Tambayi dillalin cikin wane lokaci na'urarsa ke sauya hanya. In ya ce milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan), ƙananan madubai ne masu motsi, da ake kira MEMS, masu buɗe hanya ta daɗe a buɗe, ba sa duba fakiti ɗaya-ɗaya. Irinsu Google ta bayyana a 2022 tana amfani da su, kuma suna aiki, amma swic na lantarki na nan gefe suna riƙe layi. Sirius, wani tsarin gwaji na Microsoft, ya kai ga sauya hanya cikin nanosakan a 2020 da lesa mai sauya launin haske, sai dai jiran bai ɓace ba, gefen hanyar sadarwar aka mayar da shi, kowa na aikawa bisa jadawali.

Kafin ka sa hannu, duba yawan fakitin da swic ɗinka ke zubarwa daidai lokacin haɗa sakamakon, ka ga a wace ƙofa suke taruwa.