Magen da na karɓo tana cizo da yakushi: in yar da ita ko a kashe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, yau kwana tara da na karɓo wata mage wurin maƙwabciyarmu da suka tashi, saboda ɓeraye sun addabe mu a ɗakin ajiya. A gidansu lafiya lau take, har cinyar mutane take hawa. Tunda ta zo gidana ta shige ƙarƙashin gado, duk wanda ya miƙa hannu sai ta yi huci ta kai masa yakushi. Shekaranjiya ɗana mai shekara huɗu ya jawo wutsiyarta, ta cije shi a yatsa. Maigidana ya ce a saka ta a buhu a kai ta bayan gari. Uwar mijina kuma ta ce baƙar mage mai irin wannan kallo ba mage ba ce, a kashe ta kawai. Ni kuwa ina tsoron hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Me shari'a ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, kafin mu zo kan magen bari mu fara da yaron. Idan ba a kai shi asibiti ba, a kai shi yau. Haƙorin mage siriri ne, yana shiga can ciki, bakin ciwon ya rufe da wuri alhali datti na ciki, sai bayan kwana ɗaya ko biyu yatsa ya kumbura. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda mage ma tana iya ɗauka. Likitoci na cewa da zarar an yi cizo a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan su ne za su ce ko za a yi allura. Sukan kuma so a zuba wa dabbar ido kwana 10 a ga ko za ta nuna alamar ciwo. Kin ga ke nan ko don lafiyar ɗanki, wannan ba makon ɓatar da ita ba ne.

Asalin ajiye mage halal ne, kuma ita mai tsarki ce. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, matar ɗansa Kabsha tana kallonsa da mamaki, sai ya faɗa mata Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Don haka yawunta bai ɓata tufa, kuma jinin yakushi bai karya alwala a mazhabarmu.

Hadisin da kike tsoro ingantacce ne, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Amma ki lura da laifin matar: ta tsare kyanwar, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba, har ta mutu. Yunwar ce ta jawo mata azaba. Wanda ya keɓe mage a ɗaki guda da abincinta da ruwanta bai shiga wannan hadisi ba. Wanda ya ƙulle ta a buhu ya jefar a jeji cikin rana, shi ne ya fi kusa da matar nan. Ko da an kwance bakin buhun, magen da ta tashi a tsakar gida tana cin tuwon da aka zuba mata ba ta san hanyar ruwa a daji ba, karnuka ko mota za su gama da ita. Shawarar maigida ba na ganin halaccinta, Allah ya huci zuciyarsa, na san ganin jinin ɗansa ne ya sa.

Batun kisa kuwa malamai sun yi magana a kansa tuntuni. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya ce yana zaune aka tambayi malaminsa Izzuddin ɗan Abdussalam game da kyanwa mai cutarwa, sai ya amsa cewa ana kashe ta ne idan cutarta ta wuce yadda aka san kyanwoyi, kuma ta yi ta maimaituwa. Sharuɗɗa biyu ke nan. Magen da ta buɗe murfi ta ɗauke nama ba a kashe ta, domin halinta ne, mai naman ya kyautata rufi.

To mu auna taki. An raba ta da gidan da ta san ƙamshin kowane lungunsa, an kawo ta inda ba ta san kowa ba, yara suna leƙa ta da tocila, wani ya ja mata wutsiya. Wace mage ce ba za ta kai cizo ba? Kyanwar Lami ce kaɗai aka ce ba ta cizo ba ta yakushi, ita kuwa a karin magana take zaune. Magen da ta ɓuya, ta kwantar da kunnuwa baya, ta yi huci kafin ta kai hannu, tsoro ke damunta. Wannan bai fita daga al'adar kyanwoyi ba, cizo ɗaya kuma ba maimaici ba ne. Sharuɗɗan biyu babu ko ɗaya da ya cika, saboda haka kashe ta a wannan hali haramun ne.

Wani zai ce ai Annabi (SAW) ya ba da izinin kashe kare mai cizo. Haka ne, kuma Malik ya faɗaɗa ma'anar ta haɗa zaki da damisa da kyarkeci, duk abin da ke far wa mutane. Amma a wurin nan dai ya ambaci kyanwa cikin waɗanda ba sa farmaki.

Maganar Hajiya cewa ba mage ba ce, a ba ta haƙuri cikin ladabi, amma ba a gina hukunci a kan launin gashi ko ƙyallin ido da dare, duk mage idonta na ƙyalli. Hadisin da ya ce a yi gargaɗi kwana uku kafin kisa, don gudun kada a kashe aljani, a kan macizan gida ya zo, ba a kan mage ba. Da za mu riƙa kashe dabba saboda zato, da baƙaƙen awaki ma ba su tsira ba.

Abin da ke kanki yanzu shi ne ki raba ta da yaran. Ki ba ta ɗakin ajiyar nan, tunda dama don shi aka kawo ta, ki sa mata kwali ta ɓuya, da kwanon ruwa, da yashi a tsohon baho nesa da abincin. In akwai tsumman da take kwanciya a kai a tsohon gidan, a karɓo. Ki riƙa shiga ke kaɗai a lokaci ɗaya kullum, ki ajiye abinci, ki zauna gefe kina tsince shinkafarki ko kina lazimi, kada ki tsare ta da ido, kada ki miƙa hannu. Ita za ta zo. Wata kwana kaɗan take yi ta sake, wata sai ta yi makonni. Duka ba ya gyara mage, yana tabbatar mata ne cewa hannun mutum abin tsoro ne, kuma an hana dukan dabba a fuska kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir. A hana yara wasa da ita da yatsu ko bayan ta saba, a ɗaura tsumma a zare su ja mata. Kuma tunda a da mai lafiya ce, likitan dabbobi ya duba ta, domin ciwon haƙori ko rauni ko ciki kan sa dabba faɗa.

Akwai wani haƙƙin da mutane ke mantawa. Yanzu kin san tana kai hannu. Malaman Shafi'iyya sun rinjayar da cewa kyanwar da aka san ta da ɓarna, mai ita ne ke biyan abin da ta lalata. Idan kin sake ta ta yakushi ɗan maƙwabta ko ta cinye musu 'yan tsaki, kuɗin magani da na kaji a wuyanki suke.

Idan an yi duk wannan, wata ɗaya ko biyu suka wuce ba ta saki jiki ba, babu laifi ki mayar da ita ga mai ita ta farko, ko ki ba wanda ba shi da ƙananan yara, kamar mai shagon hatsi, da sharaɗin ki faɗa masa gaskiyar halinta. Kisa ba ya zuwa sai likita ya ga alamar hauka, ko ta zama tana bin mutane da farmaki ba tare da an tsokane ta ba, kuma an rasa mai karɓarta. A nan ma ba da guba ko ruwan zafi ko jifa ba, a bar wa likitan dabbobi ya yi ta hanya mafi sauƙi, domin an umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa. Wallahu a'alam.