Talaka, matsiyaci, mai rufin asiri: wanne ne wanne?

Wani mai karatu da ke rubuta tarihin ƙuruciyarsa ya ce ya tashi a gidan haya a unguwar leburori, su takwas a ɗaki biyu. Tambayarsa: "Malam, in ce iyayena talakawa ne, ko matsiyata, ko miskinai?"

Ɗan'uwa, cire matsiyata tun kafin dattawan gidanku su gani. Tsiya ba rashin kuɗi kaɗai take nufi ba, tana ɗauke da rashin albarka da fitina. Shi ya sa ake cewa wane ya cika tsiya, ko an rabu tsiya-tsiya, ko yaro yana da taurin kan tsiya, alhali ba a zancen aljihu ko kaɗan. Wanda aka kira matsiyaci an zage shi ne.

Talaka kuwa asalinsa matsayi ne, kishiyar basarake. Mutum na iya mallakar shanu da rumbuna, amma muddin ba ya riƙe da sarauta, talakan sarki ne. Da wannan ma'ana jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi ta kiran talakawa. Masu nazarin harshe suna danganta kalmar da harshen Buzaye, kuma Yarbawa ma suna da ita. Yau ma'anar rashi ta rinjaya, amma tsohuwar ba ta mutu ba, don haka kalmar ba ta zubar da mutunci. Ita ce ta dace da rubutunka.

Fakiri da miskini daga Larabci suka zo, suna tare a aya ta 60 ta Suratut Tauba cikin masu karɓar zakka. Sai dai a bakin Bahaushe miskini ya karkata zuwa mai naƙasa ko wanda ba ya iya nema. Uban da ke fita aiki kullum da sassafe ba miskini ba ne.

Amma ka tuna abin da mahaifiyarka za ta faɗa da bakinta. Da wuya ta ce "mu talakawa ne". Cewa za ta yi "muna cikin rufin asiri", wato akwai na yau, ba a roƙi kowa ba, maƙwabta ba su san an kwana da yunwa ba ko da an kwana. Idan za ka sa magana a bakinta, wannan za ka sa.

Wata kuma ta tambayi bambancin kwance da gwanjo. Gwanjo saye ake yi, kwance kuwa ba ka ake yi: rigar da ta yi wa yaya kaɗan ta sauko kan ƙane. Kuskure ne a ce "na sayo kwance".

Sai mai neman fassarar "hannu baka hannu ƙwarya". Dubi hoton: hannu na kai komo tsakanin ƙwarya da baki, ba ya biyawa ta rumbu. Abin da aka samo yau, yau zai ƙare. Ya dace da mai aikin yini, bai dace da mai albashin da kuɗinsa ke kaiwa tsakiyar wata ba. Shi wannan, wata ne ya yi masa nisa.