Kek ɗin Mama ya ƙi yi a hannuna

Assalamu alaikum Anti,

Na daɗe ina karanta shawarwarinki, ban taɓa zaton ni ma zan rubuto ba, balle a ce a kan kek. Don Allah kada ki yi mini dariya.

Yau wata goma sha ɗaya da rasuwar mahaifiyarmu. Mu huɗu ta bari, ni ce auta, shekarata 27, kuma ni kaɗai na rage a gida tare da Baba. Mama ba mai yawan magana ba ce. Tun tasowata ban taɓa jin ta ce wa ɗayanmu tana sonsa ba. Idan ta yi maka faɗa da safe, da yamma za ka ji ƙamshin lemo yana fitowa daga kicin, sai ka san an huce. Ranar da na faɗi jarrabawa na shige ɗaki ina kuka, ko uffan ba ta ce ba, sai ta yanko mini kek mai kauri ta ajiye a gefen gado ta ja ƙofa. Har yau ina ganin ta a zaune, kwano a kan cinya, tana ta murza sukari da yatsu tana sauraron rediyo, kuma hannunta ya wuni yana ƙamshin lemo.

Da aka zo rabon kayanta na ɗauki littafin girkinta, wani tsohon littafin rubutu da mai ya ɓata shi. Ga abin da ta rubuta a shafin kek ɗin, ba ragi ba ƙari: fulawa kofi 3, sukari kofi 1 da ɗan ƙari, ƙwai 4 in manya ne, bota, lemo, bekin foda. A ƙasa ta sa "a gasa har ya yi." Shi ke nan.

Sau shida ina gwadawa, Anti. Na sayi kofin awo da sabon gwangwanin gashi mai sheƙi. Duk lokacin da na yi sai ya fito da nauyi, a bushe, samansa fari fat, lemon ma da ƙyar ake jin sa. Na Mama kuwa gefensa jajir ne, kuma wannan gefen Baba ya fi so. Karo biyar na farko Baba ya gutsura ya ce Allah ya yi albarka, ya tashi ya bar sauran. Na shida kuwa, ban ma fitar da shi daga obin ba ya leƙo kicin ya ce, "Auta, ki daina wahalar da kanki." Ya sa takalmi ya fita, bai dawo ba sai dare. A ranar na yi kukan da ban yi ba tun kwanakin zaman makoki.

Ga kuma babbar yayarmu. Ita ta tafi da kofin tangaran mai karyayyen hannu da Mama take awo da shi, kuma ita ce ta fi kowa daɗewa da Mama a kicin. Na kira ta na ce ta ba ni kofin tunda ni ke da littafin, sai ta ce in ɗauki komai ma mana, dama komai na auta ne. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Baba ya rame, ba ya cin abincin kirki. Ni kuma wannan hanyar kaɗai na gani a gidanmu ta nuna wa mutum ka damu da shi, ban iya wata ba. In haƙura in rufe littafin ne? Ko ni ce ba ni da hannun girki?

Taki,
Autar Mama

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah ya jiƙan Mama, ya ba ku haƙurin rashinta. Ba wanda zai yi miki dariya a nan.

Bari in fara da kek ɗin, don shi ya fi sauƙin gyara, kuma na ga kin riga kin yanke wa hannunki hukunci ba tare da an saurare shi ba. Laifin yana wurin kalmar "kofi." Kofin awo na kanti yana ɗaukar mililita 240, wani 250. Kofin shayi na tangaran kuwa yawanci tsakanin 150 ne zuwa 200. Mu ɗauka na Mama 180 ne. Kofinta uku mililita 540 ke nan, naki uku 720. Kin ƙara kashi ɗaya bisa uku na fulawa, amma ƙwan yana nan huɗu bai ƙaru ba. Sannan akwai yadda ake ɗiba. Idan aka tankaɗe fulawa aka zuba ta cikin kofin awo da cokali, nauyinta kusan giram 120 ne. Idan aka luma kofin cikin buhu aka danno, tana iya kai 150. Ma'ana, mai yiwuwa kina zuba giram 450 a inda Mama take zuba kusan 270. Ko wane gwani aka ba wannan kwaɓin, bulo zai gasa.

Kada ki ga laifin Mama da ta rubuta haka. Wa kanta ta rubuta, kuma ta san kofinta. Awo da shafaffen kofi da cokali daidaitacce ma ba tsohon abu ba ne a duniyar girki, wata malamar girki Ba'amurkiya, Fannie Farmer, ce ta yaɗa shi da littafinta na 1896. Kafin nan, har bayan nan ma a yawancin gidaje, ido ne da hannu.

Ki nemi ƙaramin sikelin kicin. Akwai tsohon ma'auni da masu gashi a Faransa da Ingila suka daɗe a kansa: ƙwai, bota, sukari da fulawa, kowanne nauyinsa ɗaya da ɗan'uwansa. Babban ƙwai ba ɓawo kusan giram 50 ne, huɗu 200 ke nan, shi ya sa na ke ganin botar da Mama ba ta faɗi yawanta ba ba za ta yi nisa da giram 200 ba. Fara da wannan: ƙwai 4, bota giram 200, sukari 180, fulawa 270, bekin foda ƙaramin cokali 2, ɗan gishiri, da ruwan lemo ɗaya. Bota da ƙwai su kasance ba masu sanyin firij ba. Ki buga bota da sukari sai sun yi haske sun yi laushi, minti huɗu ko biyar, don iskar da ke shiga a nan ita ke taya kek tashi. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Da fulawa ta shiga kuma sai ki sassauta hannu, ki juya kawai har ta ɓace, yawan juyi ne ke sa shi tauri. Wuta digiri 180, wajen minti 45 zuwa 55, kuma kada ki buɗe obin a rabin awar farko komai ɗokinki. Ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba danƙo ya yi. Af, in bekin fodar ta Mama ce da ta rage a kabad, zuba rabin cokali a ruwan zafi ki gani. In bai yi kumfa nan take ba, ta mutu, ki zubar.

Yanzu ki koma ki karanta wasiƙarki. Kin ce kina ganin ta da kwano a cinya tana murza sukari da yatsu, hannunta ya wuni yana ƙamshi. Me zai sa mutum ya zauna murzar sukari shi kaɗai? Ɓawon lemo take gogawa a ciki, 'yata. Ƙamshin lemo a man da ke cikin ɓawonsa yake, ruwan kaɗan yake ɗauke da shi, kuma kaifin ƙwayar sukari ne ke fasa ɓawon ya fito da man. Ki wanke lemo biyu, ki goge saman ɓawon kawai, kada ki kai ga farin da ke ƙasa don ɗaci gare shi, ki murza cikin sukarin har ya yi damshi ya canza launi. Wannan matakin ba ya cikin littafin, ga shi kuma ke kika kawo mini shi da kanki. Ki zauna ki tuno sauran. Da wane cokali take juyawa? A wane hawa na obin take sawa? Da zafinsa ake ci, ko rufe shi take yi sai washegari?

Shi kuma jan gefen da Baba yake so, sabon gwangwaninki ne ya hana shi. Ƙarfe mai sheƙi yana mayar da zafi, tsoho da ya yi baƙi kuwa shanye shi yake yi. Wannan ja da ƙamshin gashi suna fitowa ne idan sukari ya haɗu da furotin na ƙwai da fulawa a zafi mai ƙarfi, abin da wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Duba ƙasan kabad, ina kyautata zaton baƙin gwangwanin Mama yana nan, don ba a cika rububin irinsa a rabon kaya ba. Ki shafe shi da bota sosai.

To, sai maganar Baba, wadda ita ce ta sa kika rubuto.

Ki lura da lokacin da ya yi miki maganar nan. Bai ɗanɗana ba. Kek ɗin yana cikin obin. Ashe ba ɗanɗano ne ya kore shi daga gidan ba, ƙamshi ne. Hanci yana da gajeriyar hanya zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe da tunani da motsin zuciya, shi ya sa ƙamshi ke jefa mutum cikin wata rana da ta wuce kafin ya ankara. Ki sa kanki a matsayinsa. Yana zaune, sai ƙamshin bota da lemo ya cika gidan, na ɗan lokaci jikinsa ya gaya masa matarsa tana kicin. Sai ya tuna. Sau shida kina yi masa haka da kyakkyawar niyya, shi kuma mutum ne da ya yi zaman aure da macen da ba ta faɗin abin da ke ranta, da alama shi ma haka yake. "Ki daina wahalar da kanki" a bakin irin waɗannan iyayen tana iya nufin "ba zan iya ɗauka ba tukuna." Ni ban ji ƙi a cikinta ba. Ya ma kira ki Auta.

Saboda haka ki daina yi masa ba-zata. Wata rana da kuke zaune lafiya ki ce, "Baba, ina son in koyi kek ɗin Mama, amma in ƙamshin yana tayar maka da hankali sai in bari sai ba ka gida." Ki yi shiru ki ba shi fili. In ya ce ki bari, ki bari, littafin ba zai gudu ba. In ya buɗe baki kuwa, ki tambaye shi ranar da ya fara cin sa, da ko ta taɓa ƙona shi. Na tabbata ta taɓa. Ku kun san kek ɗin shekarunta na ƙwarewa, shi ya ci na farkon, kuma mutumin da ya kasa cin yanka ɗaya yana iya yin awa guda yana ba da labarinsa.

Ramar tasa kuma kada ki jingina ta ga kek. Baƙin ciki yana kashe sha'awar abinci, jin ƙamshi da ɗanɗano yana raguwa da shekaru, wasu magungunan ma suna canza ɗanɗanon baki. Dattijon da ya yi watanni yana ramewa likita ya kamata ya gani, ki sa yayyenki su taya ki lallaɓa shi. Kafin nan ki riƙa dafa masa abu mai sauƙi da ba ya tuna masa kowa, kaɗan-kaɗan, kuma ki zauna ku ci tare. Wanda aka ajiye wa kwano aka tsaya a kansa ana kallon fuskarsa, ko yunwa yake ji sai ya ƙoshi.

Game da yayarki, a nan zan ɗan ja kunnenki. Ke kin samu rubutun hannun Mama, kin samu ɗakinta da kicin ɗinta kina shiga kullum. Ita kofi ɗaya ta tsira da shi, mai karyayyen hannu ma, kika ce ta kawo. Ba mamaki ta ce komai na auta ne, kuma ina jin maganar ta girmi kofin da shekaru. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ke ce ƙarama, ke za ki fara. Kuma abin daɗin shi ne ba kya buƙatar kofin. Mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne. Ki kira ta ki ce, "Yaya, ki yi haƙuri da maganar rannan, kofin naki ne. Don Allah cika shi da ruwa ki auna mini." Ki ɗauki hoton shafin ki tura mata, don ita ma tana da haƙƙi a rubutun nan, ki tambaye ta nawa ne "ɗan ƙari." Wadda ta fi kowa daɗewa a kicin ɗin, aka zo aka tambaye ta kofi ba a tambaye ta abin da ta sani ba, dole ta ji ciwo. In ta yarda ta zo ku kwaɓa tare, ki bar mata cokalin ko da kin ga tana yin abin da ya saɓa wa duk lissafin da na yi miki a sama.

Duk gwajin da kika yi, ki rubuta awonsa da giram da fensir a gefen rubutun Mama, kada ki goge nata. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane karo, in ba haka ba ba za ki gane wanne ne ya gyara ba. Na bakwai ba lallai ya yi ba, na takwas ma haka, amma nauyin nan da bushewar za su tafi tun daga na farko.

Ki rubuto mini nawa kofin ya ɗauka. Ni dai na ce ba zai kai 200 ba.

Antinki